Likita Ya Amsa: Shin Mai Taɓin Hankali Abin Tsoro Ne?

Wasiƙun da suka iso gare ni a wannan karon mafi yawansu sun haɗu a kan tsoron mai taɓin hankali, da kuma ƙyamar da wannan tsoro yake haifarwa. Na zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga asibitin ƙwaƙwalwa bayan kwanciyar wata biyu, kuma tun daga ranar na hana yarana shiga gidan. Maigidana ya ce na wuce gona da iri. Shin ba gaskiya ba ne cewa irinsu suna iya far wa mutum ba zato ba tsammani?

Amsa: Malama, ban ga laifin uwa da take fargaba a kan 'ya'yanta ba, amma a wannan magana maigidanki ya fi kusa da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya, wato kimanin miliyan 970, yana fama da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa. Da a ce wannan ciwo shi ne tushen tashin hankali, da babu gidan da za a kwana da ido rufe. Mafi rinjayen waɗannan mutane ba su taɓa ɗaga hannu a kan kowa ba, kuma da yawansu kina gaisawa da su kullum ba tare da kin san suna shan magani ba.

An yi wani bincike a Amurka wanda aka wallafa a 1998, inda aka bi diddigin kimanin mutum dubu da aka sallama daga asibitocin ƙwaƙwalwa har tsawon shekara guda, sannan aka kwatanta su da sauran mazauna unguwa. Abin da aka gano shi ne, waɗanda ba sa shaye-shaye a cikinsu ba su fi maƙwabtansu marasa shaye-shaye tayar da hankali ba. Inda haɗarin ya ƙaru sosai shi ne inda giya ko miyagun ƙwayoyi suka shigo, kuma hakan ya shafi masu ciwon da masu lafiya duka. A Suwidin kuma, wani nazari na 2006 ya nuna cewa kusan laifi ɗaya ne cikin ashirin na cin zarafi ake iya danganta shi da masu matsanancin taɓin hankali. Sauran sha tara kuwa aikin mutanen da muke kira masu cikakken hankali ne.

Abin da yake rura wutar tsoron shi ne yadda ake ba da labari. Idan mai taɓin hankali ya yi kisa, ciwonsa ne zai zama kanun labarai, amma dubban da suka sha magani suka koma bakin aiki babu mai ambaton su. Ni dai abin da na fi gani a wurin aikina shi ne akasin abin da kike tsoro: majinyacin da aka jefa, wanda aka yi wa duka, wadda aka ci zarafinta saboda an san ko ta yi magana ba za a yarda da ita ba. Wannan saurayi ya je asibiti, an yi masa magani, an sallame shi. Ki gaishe shi kamar yadda za ki gaida duk wanda ya tashi daga jinya.

Tambaya: Likita, ƙanina yana da ciwon da aka ce mana sunansa sikizofiriniya, wani nau'i na matsanancin taɓin hankali. Ya daina shan magani wata uku ke nan, ba ya barci, yana cewa muna zuba masa guba a abinci, kuma jiya ya yi wa mahaifiyarmu barazana. Wasu dangi sun ce a ɗaure shi da sarƙa a ɗaki. Me za mu yi?

Amsa: Malam, wannan lamari na gaggawa ne, kuma ba zan rage maka nauyinsa ba. Abin da na faɗa wa mai tambayar farko gaskiya ne, amma gaskiya ne kuma cewa akwai ƙaramin rukuni na majinyata da haɗarinsu yake ƙaruwa, kuma alamomin da ka lissafa suna cikin waɗanda muke dubawa: barin magani, rashin barci, zargin cewa wani takamaiman mutum yana neman hallaka shi, da furta barazana. Idan ya haɗa da shaye-shaye, ko yana jin muryoyi suna umartar sa da ya aikata wani abu, ko ya taɓa dukan wani a baya, haɗarin ya ƙara girma. Idan abu ya ɓaci kuma, na cikin gida ne ya fi shafa, shi ya sa ya kamata mahaifiyarku ta ɗan nisanta da shi tukuna.

Ku kai shi asibiti yau, kada ku jira gobe. Kafin nan ku kawar da wuƙaƙe da duk abin da za a iya yin rauni da shi. Mutum ɗaya da ya fi yarda da shi ya riƙa yi masa magana a hankali, kada a taru a kansa, kada a tare masa ƙofa. Kada ku yi gardama da shi a kan batun guba, domin a wurinsa abin tabbas ne, kuma kada ku ce masa gaskiya ya faɗa. Ku ce kun ga yana cikin tsoro, kuna so a taimake shi ya samu barci. Ku tuna cewa ƙanin naka a tsorace yake, kuma haɗarin ya cutar da kansa ba ƙarami ba ne.

Batun sarƙa kuwa, ina roƙon ku da ku bar shi. Tun ƙarshen ƙarni na 18 likita Philippe Pinel da abokin aikinsa Pussin suka fara kwance majinyata daga mari a asibitocin birnin Paris, kuma tun 1952 aka samu maganin farko da yake kwantar da irin wannan ciwo. Duk da haka, a 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa har yanzu ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Sarƙa tana jawo gyambo da shanyewar gaɓoɓi, sannan tana tabbatar wa majinyaci zarginsa cewa danginsa maƙiyansa ne. Idan ya samu sauƙi, ku tambayi likitansa dalilin barin maganin, domin sau da yawa nauyin jiki ne ko sanƙarewar wuya ko ƙiba, kuma ana iya sauya shi ko a koma allurar da ake yi bayan 'yan makonni.

Tambaya: Likita, shekara biyu ina shan maganin ciwon damuwa, na samu sauƙi sosai. Yanzu an sa ranar aurena, kuma ina tsoron in mijin ya sani zai ce ni mahaukaciya ce. In daina maganin ne?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki daina magani sai da shawarar likitanki, domin yanke shi farat ɗaya yana iya kawo jiri da rashin barci, ya kuma dawo da ciwon a daidai lokacin da kike buƙatar natsuwa. A shekarar 2019 an ƙiyasta cewa ciwon damuwa yana damun kimanin mutum miliyan 280 a duniya, kuma ba ya mayar da mai shi abin tsoro. Wasiƙarki ta taɓa min zuciya saboda ta nuna ɓarnar da ƙyama take yi: tana sa mai ciwo ya ɓoye, ya bar magani, har ciwon ya tsananta ya kai matakin da mutane suke tsoro tun farko. Sirrin lafiyarki naki ne, amma a ganina wanda za ki zauna da shi a ɗaki ɗaya gara ya ji daga bakinki da ya tsinci kwalin magani. Idan kina jin nauyi, ki nemi ya raka ki ganin likita a yi masa bayani a gabanki.

Tambaya: Likita, matata ta haihu kwana goma da suka wuce, yanzu ba ta barci, tana surutai, tana cewa jaririn ba nata ba ne.

Amsa: Malam, wannan ya yi kama da taɓin hankalin bayan haihuwa, wanda yake samun mace ɗaya ko biyu cikin kowace haihuwa dubu, yawanci a makonni biyun farko. Ba muguntar zuciya ba ce, kuma mafi yawan mata suna warkewa idan aka yi magani da wuri. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na ɗan lokaci, kuma a kai ta asibiti a yau ɗin nan, a tabbatar an duba ta ko akwai zazzaɓi ko hawan jini.