Tambaya da Amsa: Bature a matsayin ɗan Caina, laifi ne?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Samaru, mun kwana muna musu da ƙawayena a hostal, wai laifi ne Bature ya fito a ɗan Caina ko Japan a fim. Ni dai ban ga abin tada jijiyar wuya ba, ai sunansa wasan kwaikwayo ko?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kina da gaskiya ta wani ɓangare, kwaikwayo ai shi ne ka zama wanda ba kai ba. Mu nan ma wa ya taɓa jin haushin Anthony Quinn, haifaffen Meziko, da ya fito a Umar Mukhtar? Ai har kuka an yi.

Amma abin da ƙawayenki ke nufi daban ne. A 1937 an yi fim ɗin The Good Earth, labarin manoman Caina ne zalla, kuma ga Anna May Wong nan, jinin Caina, gwana, tana son matsayin matar gidan, amma aka hana ta saboda an riga an ba Bature matsayin mijin kuma Hollywood ta lokacin ba ta yarda a ga fari yana soyayya da wadda ba fara ba, sai aka ɗauko Luise Rainer haifaffiyar Jamus aka yi mata kwalliya ta fito, har ta ci Oscar da shi. Kin ga an yi tuwo da garin mutum an hana shi loma. 'Yar Asiya ba ta ci wannan kyautar ta babbar jaruma ba sai 2023, Michelle Yeoh.

Sai kuma izgili. A wani fim na 1961 Bature Mickey Rooney ya fito a ɗan Japan da haƙoran ƙarya zaƙo-zaƙo, an matse masa ido, yana gwaranci yana tuntuɓe don a yi dariya, wallahi yau ko Turawan kunyar wurin suke ji. A dandamali ma an yi, a 1990 ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta ƙi yarda Bature Jonathan Pryce ya fito a wasan Miss Saigon a matsayin ruwa biyu ɗan Biyetnam, da mai shirin ya ce to ya fasa kawo wasan gaba ɗaya sai suka janye.

Kuma kada mu cika nuna yatsa fa. Duba finafinanmu na barkwanci, in za a nuna Ibo ko Bagwari ko Bafulatanin daji, Bahaushe ake ɗaura wa zani ya karya harshe a yi ta ƙyaƙyata dariya, alhali Sabon Gari cike take da Ibon da aka haifa nan Zariya, wasu Hausarsu ta fi tawa. Ki tambayi ɗaya cikin 'yan ajinku yadda take ji in an sa irin fim ɗin a gabanta, sai ku ci gaba da musun daga nan.