Wane noti zan ajiye don gyaran keken tura alhazai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Makka, ina da keken guragu guda biyu da nake tura dattawa masu Umra daga masauki zuwa Harami. Kusan kowane mako sai wani noti ya faɗi, yau na matakin ƙafa, gobe na birki. Ina da gwangwani cike da tarkacen bolti da noti, amma in buƙata ta taso ba na samun wanda ya yi daidai. Me ya kamata in ajiye, kuma guda nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gwangwanin nan da kansa yana cikin abin da ke ba ka wahala. Boltin da ya kusa yin daidai ya fi rashin bolti yin ɓarna, domin shi ne ke cinye tiredin ramin, wato zanen da bolti ke bi in ana ɗaura shi, daga nan kuma ko na ainihi ka samo ba zai ƙara kamawa ba.

Fara da gano awon da aka ƙera kekenka da shi. Yawancin kekunan da ake kawowa daga Sin da Turai awon milimita ne, galibi M5, M6 da M8. Lambar ita ce kaurin boltin. Na Amurka kuwa sau da yawa awon inci ne. A nan mutane ke faɗawa tarko: boltin kwatan inci kaurinsa milimita 6.35 ne, a ido kamar M6 yake, amma tazarar tiredinsa 1.27 ce, ta M6 kuwa 1.0. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu, sai ya cije. Haka 5/16 yake da M8. Saboda haka kowane bolti ka fara ɗaura shi da yatsa. In bai yi zagaye uku zuwa huɗu cikin sauƙi ba, kada ka sa masa sifana, ba nasa ba ne.

Ka kwance ɗaya daga kowane wuri, wato matakin ƙafa, birki, ƙaramar tayar gaba da madafar hannu, ka kai shagon kayan ƙarfe a gwada maka da noti a gabanka, a auna tsawonsa. Ana auna tsawo daga ƙarƙashin kai, sai dai mai kan da ke nutsewa cikin ƙarfe, shi da kansa ake haɗawa. Idan kekunanka na milimita ne, wannan ya ishe ka: M5 guda 6, M6 guda 10 a tsawo biyun da ka fi gani a jikin keken, M8 na tayar gaba guda 2, washa 20, da noti mai robar nailan a ciki guda 10 na kowane awo. Noti ne ya fi ɓacewa, shi za ka fi yawaitawa.

Notin mai roba shi ne maganin faɗuwar da kake kuka da ita. Daɓen Harami sumul yake. Girgizar tana zuwa ne daga titi, hawa da sauka a bakin kwalta, da jefa keke a bayan mota a naɗe. Noti na gama-gari yana warwarewa a hankali, mai roba kuwa yana riƙe tiredi ko da bai matse sosai ba. Sai dai boltin ya leƙo bayan notin da aƙalla tiredi biyu, in ba haka ba robar ba ta kama komai ba. In ka ga yana juyawa da yatsa har ƙarshe, robar ta mutu, jefar da shi. Inda babu noti, boltin cikin jikin ƙarfe yake shiga, ɗiga masa ɗigo ɗaya na Loctite 243, wato shuɗin gam mai riƙe tiredi, bayan ka goge maiƙo. Jan Loctite ba na wannan aikin ba ne, sai da wuta ake kwance shi.

Duba kan boltin, za ka ga lamba. Ga tayar gaba da birki, kada ka karɓi ƙasa da 8.8, mai 4.8 laushi gare shi, yana lanƙwashewa ƙarƙashin nauyin mutum. Boltin tayar gaba kuma ba a matse shi har ƙarshe: ɗaure har girgiza ta tafi, sannan ka juya tayar da hannu, in ta tsaya nan take ka danne boris ɗin, sassauta kaɗan. Masu aiki a Jidda, inda iskar Bahar Maliya ke kawo tsatsa da wuri, su nemi wanda ba ya tsatsa mai alamar A2 ko A4 don ƙananan wurare, su shafa masa ɗan giris kafin ɗauri, don yana da halin liƙewa da notinsa.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana 8, 10 da 13, alanki 4, 5 da 6, sukudireba mai bakin giciye PH2 da ƙaramar filaya. Sifana 10 da 13 ka sayi bibbiyu, ɗaya na riƙe kai, ɗaya na juya noti. Kowane awo ka zuba shi a 'yar ledarsa mai zif, ka rubuta awon da wurin da yake shiga, ka sa duka a aljihun bayan kujerar keken. Sau ɗaya a mako, kafin ka ɗauki kowa, bi birki da matakin ƙafa da sifana. Duk notin da ka samu ya saki sau biyu a jere, canza shi da sabo mai roba.