Mai tauhidi da manyan zunubai a ranar hisabi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda ya mutu da tauhidi amma da manyan zunubai zai dawwama a wuta. A wajen Ahlus Sunna, a'a. Aya ta 48 a Suratun Nisa'i ta raba gardama: shirka ce ba a gafarta wa wanda ya mutu a kanta, sauran kuwa sai yadda Allah ya so.

Inda ake zamewa shi ne haƙƙin mutane. Bashi, ƙazafi, cin dukiyar maraya, istigfari kaɗai ba ya wanke su. A hadisin Muslim, ladan azzalumi ake kwasa a biya, in ya ƙare a jibga masa zunuban waɗanda ya cuta. Dukiya sai an mayar, in mai ita ya rasu a ba magadansa.