Zan Yi SIWES A Abuja: In Zauna Gidan Kawu A Mararaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne ɗan aji huɗu a sashen injiniyan lantarki. Na samu gurbin SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, na wata shida a wata ma'aikata da ke kusa da Sakateriyar Tarayya a Abuja. Kawuna na Mararaba ya ce in zo gidansa, abokaina kuma suna so mu haɗa kuɗi mu kama ɗaki a Kubwa. Ban taɓa kwana a Abuja ba. Sannan na ji ana cewa ɗan IT, wato ɗalibin da ke irin wannan koyon aiki, ba ya koyon komai sai sayo abinci da kai fayil. Mece ce shawararka? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tafi gidan kawu. Na faɗa maka ne da bakin wanda ya yi wata shida yana shan wuyar hanyar nan.

Mararaba ba ma a cikin Abuja take ba, ƙaramar hukumar Karu ce ta jihar Nasarawa. Tafiyar ba ta da nisa, amma gosulon da ke tashi daga can, ya bi ta Nyanya da Kugbo har shataletalen AYA, yana iya cinye maka awa biyu in ka makara. Ni da an sallame Asuba nake fita. Ranar da na tsaya shan koko kuwa, sai tara ta yi mini a cikin bas, ina tsaye, wani ya ɗora mini buhu a ƙafa. Hanyar Kubwa ta fi faɗi da sauƙi, ban musa ba. Sai dai masu gidajen haya a Abuja kuɗin shekara suke karɓa, ga na dillali, kai kuma wata shida za ka yi. Alawus ɗin da ITF ke biya, wato hukumar asusun horar da ma'aikata wadda ita ta kafa shirin SIWES tun 1973, bai taka kara ya karya ba, kuma yawanci sai ka gama ka koma makaranta kafin ka gan shi. Kada ka gina komai a kansa.

Zaman gidan kawu ma da ladabinsa. Kada ka je hannu rabbana. Ko ƙullin daddawa da kuka ne ka riƙa wa matarsa. Ranar Asabar ka ɗebo ruwa, ka duba wa yara aikin makaranta. Kai ɗa ne a gidan, ba baƙon otal ba.

Abu biyu game da mota. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, saboda haka tasin haɗaka za ka riƙa hawa. Ka hau a tasha ko inda jama'a ke layi. Motar da ta tsaya maka a gefen titi da magariba, da mutum uku a ciki suna jiran cikon na huɗu, ka bar ta ta wuce. 'Yan wan-cans kenan, waya da katin banki suke nema.

Maganar aike kuwa gaskiya ce. Sati uku na yi ina sayo shinkafa da miya, har mai abincin ta haddace wanda ba ya son yaji a ofishinmu. Abin da ya fitar da ni wani dattijo ne mai kula da janareta da layukan wutar ginin. Ba shi da digiri, manyan ofis ma ba su cika gaishe shi ba. Na fara ɗaukar masa akwatin kayan aiki ba tare da ya ce ba. A wurinsa na fara buɗe allon rarraba wuta da hannuna, na ga yadda ake juya gini daga wutar gwamnati zuwa janareta, abin da sai a takarda na sani. Kowace ma'aikata tana da irinsa. Ka nemo shi a satinka na farko, ka gaishe shi da Baba, kuma in ya aike ka ka tafi da gudu.

Logbuk ɗinka, wato littafin rubuta aikin da ka yi, ka cika shi kullum kafin ka tashi, da zanen abin da ka taɓa, mai kula da kai ya sa hannu duk ƙarshen mako. Malamin da makaranta za ta turo ba lallai ya sanar da ranar zuwansa ba, kuma wanda ya zauna ya cika na wata uku a dare ɗaya ana gane shi, don biro ɗaya ne da ƙarya iri ɗaya. Fom ɗin fara aiki ma ka kai ofishin ITF da wuri.

Sammakon nan da nake ta ja maka kunne a kai yana da riba. Za ka isa wajen bakwai, ofis kuma sai takwas. A wannan awa ɗaya, ga wuta ga shiru, na karanta rabin abin da na rubuta furojet ɗina na kammala digiri da shi. Da daddare a Mararaba ba za ka iya ba, gajiya za ta kayar da kai tun kafin Isha'i.

In zamanka zai faɗa tsakanin Afrilu da Oktoba, ka sayi laima tun daga Gusau. Ruwan Abuja ba irin naku ba ne.