Na haɗa motar rimot, tayoyi suna juyawa amma ta ƙi tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Samaru. Yayana ya kawo mini motar rimot ta haɗawa, Tamiya TT-02, a warwatse cikin kwali. Dare huɗu na yi ina haɗa ta, ina bin littafin da ta zo da shi. Da na sa batir na ɗaga ta sama na ja kunamar rimot, sai tayoyin nan huɗu duk suka juya. Amma da na ajiye ta a kan siminti sai ta tsaya wuri ɗaya tana karkarwa, tayoyi na goge ƙasa, ga ƙara kamar ta injin markaɗe. Ko minti biyu ba a yi ba injin ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓa shi. Abokaina sun ce injin ne ba shi da ƙarfi, in sayi marar burushi, wato irin injin nan mai ƙarin ƙarfi da ake kira brushless. Na ce bari in tambaya kafin in kashe kuɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka tambaya tukuna, domin shawarar abokanka an bar jaki ne ana dukan taiki. Injin nan mai lamba 540 da motar ta zo da shi ya isa ya tuƙa ta da gudun da zai ba sabon hannu tsoro. Injin da ya yi zafi haka cikin minti biyu yana aiki ne fiye da ƙima, akwai abin da yake kokawa da shi a tsakaninsa da taya. Da ka ɗora mata marar burushi a wannan hali, da haƙoran giya ne za su fara zubewa, wataƙila har na'urar sarrafa gudu, wato ESC, ta ƙone.

Ga abin da na fi zato, kuma ba sai ka kwance ko noti ɗaya ba za ka gane ko na yi daidai. Samo alli. Ka zana layi a gefen kowace taya, ka ɗora motar a kan gwangwanin madara yadda tayoyi ba sa taɓa komai, ka kunna rimot tukuna sannan motar, ka ja kunama kaɗan-kaɗan. Ka tsaya ta gefenta ka kalli tayar gaba da ta baya a lokaci ɗaya. Ka ce duk sun juya, to amma ina kowacce ta nufa? In tayoyi na gudu da sauri ido ba ya bambancewa, shi ya sa na ce a sa alli kuma a bi a hankali. Ina kyautata zaton za ka ga na gaba sun nufi gaba, na baya sun nufi baya, ko akasin haka.

Dalilin yana cikin ginin motar. Inji ɗaya ne yake tuƙa tayoyi huɗu. Ƙaramar giyar da ke bakin inji tana juya babbar giya, ita kuma tana juya farfela, doguwar sandar nan da ta ratsa tsakiyar motar. A kowane ƙarshen farfela akwai 'yar giya mai tsini da ke cizon zoben dif, akwatin nan da ke raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama. Farfela hanya ɗaya take juyawa, amma ta bayansa take cizon zoben gaba, ta gabansa take cizon zoben baya. Saboda haka in ana son tayoyi huɗu su nufi wuri ɗaya, dole zoben gaba ya zauna a wani gefen farfela, na baya ya zauna a ɗaya gefen. Mai haɗawa na farko yana ganin ai ya kamata su yi daidai da juna, sai ya sa su gefe ɗaya. Ko kuma yana cikin aiki ya juya motar a kan tebur, hagu ta koma dama, ya ci gaba da bin hoton littafi bai lura ba. Dif ɗin yana shiga gidansa ta kowace fuska, murfi ya rufu lafiya lau, babu abin da zai nuna maka an yi kuskure sai an ajiye ta ƙasa.

Na taɓa ganin wannan a hannun wani yaro da ya zo mini daga Tudun Wada, motarsa a naɗe cikin tawul, ya riga ya yanke ƙauna. Na ajiye ta a kan benci na tura ta da yatsa, ta cije kamar an taka mata birki. Na sa shi ya juya farfela da hannunsa yana kallon allin. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya ce, "Kawu, faɗa suke yi." Abin da ake ciki ke nan.

Kada ka nemi gyara wannan ta hanyar sauya wayoyin inji ko juya maɓallin rimot. Wannan zai juya gaba da baya ne gaba ɗaya, faɗan yana nan. Ka tabbatar wayoyin inji suna yadda littafi ya nuna, ka ja kunama, ɓangaren da ya nufi baya shi ne mai laifi. Cire batir, buɗe murfin wannan ɓangaren, ɗago dif ɗin, juya shi, mayar. Tun da ka buɗe, ka goge giris ɗin ka duba haƙoran zoben da na 'yar giyar a cikin haske. Roba ce, kuma ta sha wahala. In ka ga haƙori ya kwanta ko ya guntule, a canja shi yanzu, in ba haka ba za ka riƙa jin ƙas-ƙas duk lokacin da ta ɗauki gudu.

Wani abu da ke tsorata mutane a banza: in mota na sama ka juya tayar hagu da hannu, ta dama za ta juya ta koma baya. Wannan lafiya ce, aikin dif ke nan, shi ne yake barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Saɓanin da muke nema tsakanin gaba da baya yake.

To in alli ya nuna duk huɗun hanya ɗaya suka nufa fa? Sai mu koma ga kunne da hannu. Ciwon wannan sashe iri biyu ne: ko wani abu ya cije, ko wani abu yana sulɓewa. In sulɓewa ce, inji zai yi ta ihu da siririyar murya, motar na zaune ko tana tafiya ba ƙarfi, kuma ba ya saurin zafi domin babu nauyi a kansa. In cijewa ce, murya za ta yi kauri, zafi ya taso nan da nan. Naka ya fi kama da cijewa, amma ka san na sulɓewar ma, don wata rana za ka haɗu da shi. Wuri uku ya fi faruwa. Ɗan notin nan marar kai da ke riƙe ƙaramar giya, wanda ake ɗaurewa da alanki mai milimita 1.5, dole ya sauka a kan shafaffen gefen sandar inji. In ya sauka a kan zagayayyen gefen, sanda za ta riƙa juyawa a cikin giyar. Ka ɗiga masa ɗan gam ɗin noti, Loctite shuɗi, ban da ja, kuma kada ya taɓa roba. Sai ɗan fil ɗin ƙarfe da ke ratsa aksul a bayan kowace taya, a ƙarƙashin ƙwayar nan mai kusurwa shida. Yana faɗuwa ƙasa ba a ji ba, kuma in ɗaya ya ɓace a wannan mota, ƙarfin da ke zuwa wannan ɓangaren ta nan zai riƙa zurarewa, ɗaya ɓangaren kaɗai ya rage yana tuƙi. Na uku, gajerun sandunan da ke kai juyi daga dif zuwa taya, in ɗaya ta fice daga kofinta.

Don gano inda ya cije, ka raba inji da sauran motar. Cire ƙaramar giya, ka ajiye motar a kan tayil ko siminti mai santsi ka tura ta. Ya kamata ta mirgina da kanta ba gardama, ta tsaya a hankali. In ta tsaya cak, ka bi ta gaɓa-gaɓa. Sassauta notin taya ɗaya bayan ɗaya: sabon hannu yana ɗaure shi da duk ƙarfinsa har wili ya matse jikin abin da ke bayansa. Sassauta notunan murfin dif da rubu'in juyi, ka sake turawa. Waɗannan notuna cikin roba suke cin hanyarsu, da zarar kai ya zauna a tsaya, ƙarin ɗauri yana lanƙwasa murfi ya danne giya. Sannan ka juya farfela da yatsa biyu, ido a rufe. In tana tafiya sumul sai ta ɗan cije a wuri ɗaya a kowane zagaye, to akwai guntun roba da ka bari a jikin wata giya ko bush, zoben nan da sanda ke juyawa a cikinsa, lokacin da kake yanke su daga reshen robar da suka zo a jikinsa. Reza za ta share shi. Wannan aiki ba ya son gaggawa, kuma yatsa ya fi ido gani a nan.

Ƙarar markaɗen da ka ambata tana iya zama wata matsala daban, a mahaɗar ƙaramar giya da babba. A TT-02 ba a zame inji don saita wannan mahaɗa. Mazaunin injin yana da ramuka, kowane girman giya da nasa, daga mai haƙori 16 zuwa mai 25. Wadda ta zo a kwali haƙori 22 gare ta. Ka ƙirga naka da bakin biro, ka duba ko ramukan da ka ɗaure inji su ne na 22. In ka sa a na ƙasa da haka, giyoyin za su matse juna, ga ƙara ga zafi. In ka sa a na sama, bakin haƙora kawai za su riƙa taɓawa har babbar giya ta cinye. In an sa daidai, ka riƙe ƙaramar ka girgiza babbar, za ka ji ɗan motsi kaɗan, kamar kaurin takarda. A motocin da ake zame injinsu ma da takardar ake awo: a sa tsinken takardar littafi tsakanin giyoyin, a matse, a ɗaure, a zare.

In za ka sayi wata ƙaramar giya nan gaba, ka kula da girman haƙori. Ta wannan mota ma'aunin 0.6 ce. Akwai wata da ake rubuta wa 48P, a ido kamar ɗaya suke, amma haƙoranta sun fi ƙanƙanta, kuma ba za su taɓa zama lafiya da babbar giyarka ba.

Ga lissafin da zai yi maka amfani a garin nan. Babbar giya haƙori 70 gare ta. Raba 70 da 22, ka ninka da 2.6 na cikin dif, ka samu 8.27. Wato inji yana juyawa sau takwas da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka sauko zuwa mai haƙori 19, lissafi ya koma kusan 9.6: gudu ya ɗan ragu, tashi ya ƙaru, inji ya huta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙuna a Zariya, ni 19 nake sa wa yara. Bayan minti biyar na gudu ka ɗora yatsa a jikin inji. In ba za ka iya ƙirga biyar ba, a tsaya ta huce. Masu ma'aunin zafi suna tsayawa ne a wajen digiri 70.

Sai maganar ƙura, wadda littafin bai san da ita ba. Ina roƙonka kada ka ɗebo giris ɗin babur ko baƙin mai ka cika mata. Wasu irin waɗannan suna lalata roba, kuma masu kaurin suna ƙara wa ɗan injin nan nauyi. Wanda ya zo a kwali ya isa, shafawa kaɗan a giyoyin da ke rufe. Gajerun sandunan taya da ke waje kuwa, in ka laɓta musu giris ka fita da ita lokacin hunturu, ƙura za ta haɗu da shi ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta cinye kofunan cikin 'yan makonni. Ka bar su kusan a bushe, ka riƙa share su da tsohon buroshin haƙori bayan kowace fita. Kuma wannan motar kwalta ce, cikinta yana dab da ƙasa. Ka nemi filin kwando ko farfajiya mai siminti, ka bar jar ƙasa da tsakuwa.

In kuɗin nan da ka ware na inji yana hannunka, ga inda zai yi amfani. Motar da bush take zuwa, yawancinsu na roba, su kuwa suna cinyewa, taya ta fara rawa. Ka musanya su da boris. Girma uku take ci, a milimita: 5 da 10 da 4, sai 5 da 11 da 4, sai 8 da 12 da 3.5. Masu sayar da boris da lamba suke aiki, don haka ka rubuta MR105, MR115 da MR128 a takarda, ka tafi da tsohon bush na kowane girma a aljihu in za ka shiga kasuwar Sabon Gari, ko ka yi oda ta intanet. Ka zaɓi masu murfin roba, waɗanda ake ƙara wa 2RS a ƙarshen lamba, sun fi masu murfin ƙarfe tare ƙura. Amma wannan sai bayan motar ta fara tafiya.

Yau dai ka fara da alli da gwangwani. In ka juya dif ɗin, kafin ka mayar da batir ka tura ta da hannu a ƙasa ka ji ko ta saki. Ka sunsuna injin kuma: in yana warin ƙonewa, ko sandarsa tana cijewa in ka juya ta da yatsa, ka rubuto mini mu duba shi daban. Allah Ya ba da sa'a.