Tambaya da Amsa: Tsara Shafin Kundin Hotuna ga Mai Koyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na tara hotunan iyalina masu yawa, na kuma tanadi kundi da takardu masu launi da sitika domin in haɗa su da hannuna, amma duk shafin da na kammala sai in ga ya cunkushe, ido ya rasa inda zai tsaya. Ta ina ya kamata mai koyo ya fara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Cunkoson da kike gani yakan faru ne idan aka fara da kayan ado, alhali kuwa hoto da labarinsa su ne ya kamata su fara samun wuri. Saboda haka, kafin ki taɓa gam, ki tsayar da abu guda da kike so shafin ya ba da labarinsa, ko ranar da yaro ya fara tafiya ce ko wata ziyara da kuka yi, sannan ki ware hotunan da suka shafi wannan abu kaɗai.

Lissafi ma yana taimakawa a nan. Shafin da aka fi amfani da shi a wannan sana'a murabba'i ne mai inci 12 ta kowane ɓangare, wato kimanin santimita 30, hoton da aka saba wankewa kuma inci 4 ne da inci 6. Hotuna 6 irin waɗannan za su rufe shafin ruf, ba tare da barin wurin rubutu ko ɗaya ba. Uku ko huɗu sun wadatar, kuma a ganina ya fi wa mai koyo sauƙi ya fara da ƙaramin shafi mai inci 8, domin ba zai ji dole sai ya cika fili mai yawa ba.

Daga cikin hotunan, ki zaɓi ɗaya ya zama jigo, ki bar shi da girmansa, sauran kuma ki rage su. Ki ja layi biyu a tsaye da biyu a kwance da fensir marar kauri, yadda shafin zai rabu gida tara, sa'annan ki aza babban hoton kusa da ɗaya daga cikin wurare huɗun da layukan suka haɗu, maimakon tsakiyar shafi. Idan kika shimfiɗa masa takarda marar zane a ƙarƙashi, wadda ta ɗara shi da kamar milimita 4 ta kowane gefe, zai fito fili ya ja ido tun kallon farko. Ki kula tazarar da ke tsakanin ƙananan hotunan ta zama daidai, domin wannan ɗan abin yana sa shafi ya yi tsaf fiye da kowace irin kwalliya. Game da launi, ki ɗauko shi daga cikin hoton kansa, kamar launin riga ko na sararin sama, kada kuma ya wuce uku, ɗaya ya rinjayi sauran.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne rubutu. Masu koyo da yawa sukan bar shi zuwa ƙarshe, sai su tarar babu sauran wuri, alhali bayan shekara talatin jikokinki ba za su damu da furen takarda ba, za su so su san wane ne a hoton, a ina aka ɗauka, wace shekara ce, kuma me ya faru a ranar. Ki keɓe wa rubutu gurbinsa tun farko, ki rubuta cikakkun sunaye da kwanan wata, ki kuma yi shi da hannunki ko da kina ganin rubutunki bai da kyau, tun da shi ma wani ɓangare ne na tarihin da kike adanawa. Ado ya zo daga baya, a ɗan tattara shi a wurare uku kusa da hotunan, a bar sauran filin haka nan. Ki jera komai ba tare da liƙewa ba, ki ɗauki hotonsa da waya, ki sake dubawa washegari kafin ki sa gam.

TAMBAYA: Ina da tsofaffin hotunan kakannina da wasu labaran jarida da na yanko. Zan iya datse hotunan in liƙa su duka a shafi ɗaya? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan uwa, ina roƙonka kada ka sa almakashi a hoton da ba ka da kwafinsa. Ka sa a yi maka sikanin, a wanke sabo, ka datse sabon yadda kake so. Idan lallai asalin kake son sakawa, ka yi amfani da 'yan kusurwoyin nan da ake zura hoto a cikinsu, domin a iya cire shi ba tare da ya yage ba. Salatif da gam na roba sukan rine su bar tabo, lamineshin kuma ba ya warwaruwa.

Takardar jarida tana ɗauke da sinadarin lignin na itace, wanda ke sa ta yin rawaya da rauni, kuma asid ɗinta yana iya shafar hoton da ya jingina da ita, don haka ya fi kyau ka kwafe labarin a kan takarda marar asid ka liƙa kwafin. Wajen sayen kaya, ka nemi takardar da aka rubuta cewa ba ta da asid da lignin, da ledar rufe shafi ta polypropylene ko polyester, ka guji ta PVC. Bayan ka gama, ka ajiye kundin a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da hasken rana.