Mabuɗin da ka gani a hannun tsohuwar nan

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce ka ga wata tsohuwa Bafalasɗiniya a talabijin ta ɗaga ƙaton mabuɗin ƙarfe duk ya yi tsatsa, kana tambaya ko al'ada ce ta addini. Ba ta addini ba ce, don Kiristocinsu ma na riƙe da irinsa. Wahala ce ta haifi wannan al'ada.

A yaƙin 1948, lokacin da aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka bar gidajensu, wasu korarsu aka yi, wasu tsoro ya fitar da su. Mutumin Haifa ko Yafa ya ja ƙofarsa ya kulle, ya jefa mabuɗi a aljihu, a zatonsa kwana kaɗan ƙura za ta lafa. Ai ka sani, wanda ya sayar da gida miƙa mabuɗi yake yi a gaban shaidu. Wanda ya tafi da nasa kuwa, cewa yake yi ban sayar ba, ban bayar ba, ina nan tafe. A Disambar shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙuduri mai lamba 194, ta ce a bar mai son komawa ya zauna lafiya da maƙwabta ya koma. Ba a bar su ba. A 1950 ma Isra'ila ta yi dokar da ta sa dukiyarsu a hannun hukuma.

Ƙauyuka fiye da 400 sun zama kufai, don haka yawancin mabuɗan nan babu sauran ƙofar da za su buɗe. Duk da haka kaka kan naɗe mabuɗin a ƙyalle tare da takardar fili, wata tun zamanin da Turkawa ke mulkin ƙasar, ta damƙa wa jikan da bai taɓa ganin garin ba amma ya san sunan rijiyarsa. A sansanin 'yan gudun hijira na Aida, kusa da Baitalami, wani makeken mabuɗi suka ɗora a saman ƙofar shiga. Ranar 15 ga Mayu, da suke kira Nakba, wato masifa, ake fito da mabuɗan.

Kada ka ji ɓangare guda ka yanke hukunci. Isra'ilawa na cewa ƙasar ta kakanninsu ce, sun yarda da shirin raba ƙasar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a 1947 Larabawa suka ƙi, kuma dubban ɗaruruwan Yahudawa su ma sun baro gidajensu a Iraƙi da Yaman da Maroko. Tsoronsu, in miliyoyin jikokin nan suka dawo, Yahudawa sun rasa rinjaye.

Na ji wannan. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Gabashin Ƙudus, wadda Isra'ila ta kama a 1967. Wata dokar Isra'ila ta 1970 ta ba Bayahude damar neman filin da ya rasa a can a 1948, da ita ake shari'ar fitar da iyalai a unguwar Sheikh Jarrah. Alhali iyalan nan 'yan gudun hijirar 1948 ne, kuma babu kotun da za su kai nasu mabuɗin ta saurare su. Ko a rabon gonar gado, in aka auna wa wani da babban mudu, wani da ƙarami, ba a tashi taro lafiya.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce ina nan zuwa bayan salla.